Wuyan Rigar Kofur Buba

Samarin da ke zama a kan benci a ƙofar shagona da la'asar su suka ja ni ga wannan rubutu. Rannan ina hura gawayi, ɗaya daga cikinsu ya ce da ni, "Baba Sale, wanki da guga ai ba sana'a ba ce, aikin gida ne kawai ake biyan mutum." Wani ya ce shi in ya samu jari injin wanki zai sayo ya kafa a Tumfure, ya danna maɓalli ya koma ya kwanta. Suka yi ta dariya. Ni ba na iya amsa a tsaye, sai na koma gida take zo mini. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina iya rubuta abin da idona ya gani.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a laluben aljihu ne. Maigidana Malam Garba, Allah Ya jiƙansa, yana da rumfa a Tudun Wada kusa da inda direbobi ke cin abinci. Na daɗe a wurinsa ban taɓa sabulu ba. Ƙullin kaya zai zo, in zauna in juya kowane aljihu in karkaɗe. Goro, biro, allura, ashana, laya, ƙwayar magani. Ɓarin goro guda da aka manta a aljihun farar riga ya isa ya raba ka da mai kaya har abada. Har yau in na tsoma kaya a ruwa sai na sake ɗago su na taɓa aljihun, ko da na san na duba. Iyalina suna yi mini dariya a kan haka. Su yi.

Daga aljihu aka kai ni ruwa. Wanda ya girma a Gombe ya san ruwa ba iri ɗaya ba ne. In rani ya tsananta famfo ya ɗauke, 'yan kura masu turo jarkoki sukan kawo ruwan da ba ka san inda aka ɗebo shi ba. Akwai wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa, akwai wanda ke barin ja-ja a farin yadi. Malam Garba yakan ɗiba a tafin hannu ya shinshina, wani lokaci har ya ɗanɗana, kafin ya ce a juye a baho. Sai damun sitati: ka fara kwaɓa shi da ruwan sanyi, ka zuba tafasasshe kana juyawa ba tsayawa, ka tace. In ka bar gudaji ko ɗaya zai manne a gaban rigar mutum kamar majina. Bula kuma kaɗan ake sa wa fari. In hannunka ya yi nauyi, liman zai hau mumbari da shuɗiyar riga.

Dutsen guga na gawayi shi ne ƙarshen abin da aka bar ni na riƙe. Ana zaɓar gawayi mai nauyi wanda ba ya tartsatsi, don ƙwayar wuta ɗaya in ta faɗo ta yi huda, ba ɗinkin da zai ɓoye ta. Ka lashi yatsa ka taɓa ƙasan dutsen, ƙarar da ya yi ita za ta gaya maka ko na shadda ne ko na leshi. Ka fita waje ka juya wa iska baya kafin ka hure toka. Ina da dutsen lantarki yanzu, amma in aka ɗauke wuta ranar Alhamis, kuma kowa na jiran kayan Juma'a, na gawayin nan ne ke fid da ni kunya.

Kakin soja na farko da na goge a shagona na kaina na wani saje ne da ke haya a bayan layinmu. Kaki yana son sitati mai kauri, kuma karin wandon dole ya sauko layi ɗaya tak daga ƙugu har ƙafa. In dutse ya goce ka fitar da kari biyu, a filin fareti mai wandon ne zai sha horo, ba kai ba, amma daga nan wurinka zai zo. Sajen ya ɗaga wandon a rana ya lumshe ido ɗaya ya duba, ya biya ya tafi. Bayan kwana kaɗan ya turo mini abokansa. Haka sojoji suka zama rabin masu kawo mini kaya. Mutane ne masu barkwanci in ba sa bakin aiki, kuma ba su cika ƙorafi ba in ka san aikinka.

A cikinsu akwai Kofur Buba, ɗan garin nan, gidansu na Kagarawal. Dogo ne, mai yawan dariya, mai yawan gumi. In ya shigo sai ya ƙame ya sara mini ya ce, "Kwamandan guga, yaya bataliya?" Yana nufin kayan da ke rataye a jere a igiyar baya cikin shago. Ni kuma in ce duk suna nan, ba wanda ya gudu.

Ranar ƙarshe da na gan shi ba kaki ya kawo ba. Farar shadda ce, kaftani da wando, ya ce sau ɗaya ya sa ta a bikin abokinsa cikin tsakiyar zafi.

"Kwamanda, a sa sitati, a kai bugu ta yi ƙyalli. Madam ta kusa sauka, da ita zan yi suna."

Na ce, "Yaushe za ka karɓa?"

"An ce za mu leƙa gabas mu dawo. Kada ka ba kowa. In na aiko yaro zai murɗe ta a kan mashin. Ni zan zo da ƙafata."

Na wanke, na sa sitati, na kai wa masu bugu, na tsaya a kansu har suka gama. Na naɗe ta a takarda na ɗora a kan katakon sama.

Wannan ita ce shekarar da na fi tsana a sana'ata. Manyan motoci suna wucewa gabas cike da sojoji, suna ɗaga wa yara hannu. Daga baya labarai suka fara dawowa. Wanda aka ce ya rasu, an san abin yi: a yi masa salla, a zauna makoki, matarsa ta shiga takaba, 'yan'uwa su zo su karɓi kayansa. Amma akwai wasu da aka ce kawai ba a gan su ba. An kai musu hari a daji, an watse, da aka tattaru aka kira suna ba su amsa ba. Ba gawa, ba kabari, ba wanda zai rantse ya ga faɗuwarsu. Ba a yi wa gidansu ta'aziyya, ba a kuma yi musu barka. In ka haɗu da uban irin wannan a masallaci sai ka rasa gaisuwar da ta dace. Kofur Buba yana cikinsu.

Kaki na waɗanda ba a gani ba suka taru mini a igiyar baya. Na je wurin limaminmu na tambaya. Ya ce amana ce, ba a sayarwa, ba a bayarwa, ba a zubarwa, sai mai ita ya zo ko magadansa. To amma magada ba sa zuwa, don wanda ya zo karɓa kamar ya yarda ne an mutu.

Ku da ba ku yi aikin nan ba, ba ku san cewa tufa tana riƙe surar mai ita ba. Kakin da ya sha sitati ba ya laushi a rataye. Kafaɗar tana nan a buɗe, gwiwar wandon tana nan da ɗan lanƙwasar mai shi. Na san wanda kafaɗarsa ta hagu ta fi sauka, na san mai tumbi. In iska ta shigo ta ƙofa da hantsi sai duk su juya a hankali su fuskanci hanya. Na san iska ce. Duk da haka in ina guga ba na ba su baya.

Wata tsohuwa mai sayar da daddawa, idonta ya fara yana, ta shigo wata safiya da zanen gado. Ta yi sallama na amsa. Ta leƙa bayana ta ce, "Sannunku, samari." Ta jira. Sai ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Su wane ne waɗannan da ba sa amsa gaisuwa?"

Na ce, "Kaya ne, Inna."

Ta daɗe tana kallon wurin. Ta ɗauki zanen gadonta ta fita, ba ta sake dawowa ba. Ranar na samo farin ƙyalle na lulluɓe su gaba ɗaya. Da na ja baya na duba, sai na ga abin ya fi muni, na yaye.

Aiki ɗaya a lokacin ba na mantawa. Matar wani saje da ba a gan shi ba, mutanen kudancin jihar nan, Kirista ce, ta zo da ƙanin mijinta. Sun gaji da jira, dangi sun yanke shawara za a yi jana'iza a ƙauye. Ta ce in goge kakin kamar zai je fareti, don shi za a shimfiɗa a cikin akwatin. Na tambaye ta ko in naɗe. Ta ce a'a, mutum ba a naɗe shi. Haka suka ɗauke shi a miƙe, ita ta riƙe kafaɗa shi ya riƙe ƙafa, suka sa a bayan mota. Ban taɓa fitar da kari mai kyau kamar na ranar ba, kuma ƙasa aka kai shi.

Mahaifiyar Kofur Buba kowa Dada yake ce mata. Bafulatana ce, siririya, ba ta da yawan magana. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa, sai dai ta ce mai rigar. Ta zo bayan matarsa ta haihu an yi sunan jaririyar babu uban. Na ɗauka karɓa ta zo yi, har na miƙa hannu sama.

Ta ce, "Bar ta. Shi ya kawo, shi zai karɓa. Na san halinsa, ba zai shigo mini gida da dattin daji ba. Duk ranar da ya sauka a tasha nan zai fara biyowa."

Daga nan ta riƙa zuwa. Ba ta da rana tsayayya. Za ta sauka daga keke napep a bakin titi, ta tsaya a ƙofa.

"Malam Sale, mai rigar ya zo?"

"Bai zo ba, Dada."

"To. Ɗauko in gani."

In sauko da ita, ta ɗaga gefen takarda ta leƙa, ta ce in mayar.

Bayan damina ta wuce na buɗe shaddar don ta sha iska, saboda farin kaya in ya daɗe a naɗe yakan yi fumfuna. Sai na ga wani layi rawaya-rawaya ya zagaye cikin wuyan rigar. Wannan ba sabon abu ba ne ga mai wanki. Gumi yana da maiƙo. Wankin yau da kullum yana ɗauke na sama, na cikin zare ya kwanta. Ka ɗora sitati ka bi da dutse mai zafi, ka rufe shi kenan. Riga za ta fito fara tas, amma in ta daɗe a ajiye sai ya taso. Na sake wankewa yadda na saba, na sa sitati, na kai bugu, don ta zauna a shirye kamar yadda mai ita ya ce. Ban ga dalilin gaya wa kowa ba.

Watanni suka wuce. Wata rana Dada ta ce in warware mata rigar gaba ɗaya, tana son ganin tsawonta. Na warware. Layin ya dawo. Ta bi shi da yatsa.

"Wa ya sa rigar nan?"

"Ba wanda ya sa, Dada, wallahi."

"Na sani. Gumi ne?"

Na ce gumi ne, amma tsoho ne, na ranar bikin nan. Na yi mata bayanin maiƙo da sitati kamar yadda na rubuta a sama. Ta bar ni har na gama.

"Ka wanke ta bayan ya tafi?"

"Na wanke, har na maimaita."

"Ya fita?"

"Ya fita."

"Ya dawo?"

"Ya dawo."

"To matacce yana gumi ne, Malam Sale?"

Na ce ba haka abin yake ba. Na ce da kakin nan farare ne, da an ga irin wannan a wuyansu duka. Ta waiwaya ta kalli igiyar baya ta ce, "Allah Ya sa haka ne, ka ga su ma iyayensu sa ji daɗi." Na ga duk abin da na faɗa ƙara mata ƙarfi yake yi, na naɗe rigar na mayar sama.

Magana ta bazu a Kagarawal cewa akwai rigar soja da ke gumi a shagon Sale. Mata suka fara zuwa su gani, na hana. Wata da mijinta ma ba a gan shi ba ta kawo farar singiletinsa ta ce in ajiye mata kusa da ta Buba, ko ita ma za ta nuna. Na ce, "'Yata, ni mai wanki ne, ba ni da wani sani." Ta ajiye ta a kan benci ta tafi. Tana nan har yau a cikin leda.

Haka aka ɗauki shekaru. In layin ya yi duhu Dada ta ce in wanke yadda na saba, kada in ƙara kada in rage. In wanke ya fita, a jima ya dawo, ta zo ta gani ta koma gida da sauƙin tafiya. Jaririyar da aka haifa aka yaye ta, ta yi wayo, ta shiga Islamiyya.

Wata safiya wata matashiya ta tsaya a ƙofa har na sallami mai kaya, sannan ta durƙusa ta gaishe ni.

"Baba, ni ce Safiya, matar mai rigar."

Na ba ta benci. Ta ce Dada yayar mahaifinta ce, ita ta raine ta tun tana ƙarama, Goggo take ce mata. Ta ce mahaifinta ya je wurin alƙali tun tuni, lokacin jiran da shari'a ta sa ya cika, in ta nema za a ba ta izini ta yi takaba ta fita. Amma ba za ta taka Goggo ta wuce ba, Goggo kuma ta ce ba mai yi wa ɗanta sadakar mutuwa yana gumi.

Ta ce, "Baba, ni ba matar aure ba, ni ba mai takaba ba. In ana biki ban san kayan da zan sa ba. In na yi lalle a ce na manta da shi, in ban yi ba Goggo ta ce ina yi masa fatan mutuwa. Yarinya ta ce in nuna mata babanta, ko gidansa ko kabarinsa. Don Allah gaskiya ne rigar tana gumi?"

Na yi mata bayani. Ita ta gane nan take, don ta saba wanke masa kaya.

"Akwai wankin da zai fitar da shi kwata-kwata?"

"Akwai."

Ba ta ce in yi ba. Ta dai zauna tana kallon katakon sama. Na ce mata ba zan taɓa rigar nan a bayan idon Dada ba, amma zan gaya mata akwai wankin. Ta ce ta gode.

Na kwana biyu ina juya yadda zan faɗa. Da Dada ta zo na ce, "Dada, akwai wankin da ban taɓa yi wa rigar nan ba. In na yi shi, a iya sanina layin ba zai dawo ba. Ban so ki zauna ba ki sani ba." Ta kalle ni, ta ce, "Yarinyar nan ta zo nan ko?" Na ce ta zo. Ta tafi ba ta ce a ɗauko rigar ba.

Ta daɗe ba ta leƙo ba. Ruwan farko ya sauka, masu gona sun fara shuka, sai ga su su biyu a keke ɗaya.

Dada ta ce, "A gabana za ka wanke. Ka yi iya saninka, kada ka tausaya mini, kada ka tausaya mata. Ni zan ƙulle ta da hannuna, a bar ta nan sai an kai amfanin gona gida. In ya dawo, kada in ƙara jin sunan alƙali a gidana. In bai dawo ba, ni zan aika a sayo geron sadaka." Ta juya ga Safiya. "Kin yarda?"

"Na yarda, Goggo."

Wankin nan ba shi da wuya a faɗa. Na zaɓi ruwan sama da na tara a randa, don ya fi kowane laushi. Na ɗumama shi yadda hannu zai iya zama a ciki, na narka 'yar kanwa, na jiƙa rigar har tsohon sitatin ya saki ya yi yauƙi. Na zubar, na sake. Ruwan kwalbar nan mai farar da kaya ban kusanto da shi ba, yana cin shadda kuma daga baya shi ma rawaya yake jawowa. Na juya wuyan na goga sabulu, na riƙa murza shi tsakanin yatsu, ɗinki bayan ɗinki.

Dada tana kan benci. Ta ce, "A hankali, kada ka ci masa wuya."

Na sassauta, sannan na tuna abin da ta ce da farko, na koma murzawa yadda ya kamata. Na ɗauraye. Na matse lemon tsami a kan wuyan, na shimfiɗa a rana a jiƙe, in ya fara bushewa in yayyafa ruwa. Na ɗauraye har ruwan ya fita garau kamar na sha. Duk baho da na juye a kwata, Safiya sai ta bi ruwan da ido har ya shige ƙarƙashin gada. Ban sa sitati ba, ban kai bugu ba. Na goge da dutse mai sanyi-sanyi, na bar wuyan ban taɓa shi da ƙarfe ba.

Dada ta naɗe ta a farin ƙyalle da ta zo da shi, ta yi wani ƙulli irin nasu wanda ba zan iya maimaitawa ba. Na ɗora a sama.

Daminar nan ban huta ba. Na janye ƙullin daga jikin bango don danshi. Na ga kwano yana ɗiga a kusurwa na sake masa wuri. Na sa maganin kyankyaso nesa da shi don kada wari ya kama. Sau da yawa in na hau keke zan tafi gida, in ga hadari ya haɗo, sai in ce a sauke ni in dawo da ƙafa in duba. Na yi ta bin aikin a kaina: ko kanwar ta yi kaɗan, ko lemon bai ratsa bayan ɗinki ba. In na yi sakaci, na ɗaure mace da hannuna. In na yi daidai, na raba uwa da ɗanta da ruwan ɗumi da lemo. Ban taɓa ƙullin ba.

Sun zo da hantsi, bayan an gama yankan dawa, rana ta fito sosai. Safiya ta zauna a kan benci ta sunkuyar da kai. Dada ta kwance ƙullin, ta ɗauki rigar ta fito bakin ƙofa inda haske yake. Ina tsaye a bayan kafaɗarta. Ta juya wuyan, ta fara binsa da babban yatsa daga gaba, a hankali.

Fari ne kamar auduga. Gefen dama fari, gefen hagu fari. Amma can baya, daidai ƙeya, a gindin ɗinki, na ga ɗan layi siriri, tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba. Rawaya.

Yatsan Dada ya iso wurin ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Wata mota ta wuce, mai rake ya wuce da baro. Ba ta ɗaga yatsan ba.

Ta ce, "Safiya, zo ki gani."

Safiya ta taso. Dada ta miƙa mata wuyan tana riƙe da shi yadda take riƙe, babban yatsanta na kan layin. Safiya ta duba dama ta duba hagu.

"Fari ne, Goggo."

Dada ta ce, "Fari ne."

Na buɗe baki. Ban san abin da zan ce ba, amma na buɗe. Dada ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Malam Sale, ban tambaye ka komai ba. Aikinka ya yi kyau, Allah Ya biya ka." Ta naɗe rigar da kanta, ta tura wuyan ciki, naɗin da zai ɓata guga, ban gyara mata ba. Ta sa a ƙarƙashin mayafi. Sannan ta ce, "Allah Ya jiƙan mai rigar," muka ce amin. Safiya ta durƙushe a wurin ta rufe fuska. Dada ta ce, "Tashi, ba a nan ba. Akwai daka a gabanmu."

An yi sadaka a Kagarawal, na je, an ba ni gumba. Safiya ta yi takabarta ta fita, daga baya ta yi aure, tana Tumfure yanzu. Dada ba ta sake zuwa shago ba, kuma ban ji an ba wa kowa rigar ba a cikin kayan da aka rabar.

Wankin kanwa da lemo na yi wa fararen riguna ba iyaka, kafin wannan da bayansa, har da waɗanda suka fi ta Buba baƙin wuya. Ban taɓa ganin layin gumi ya dawo ba sai a ita. Na sha tambayar tsofaffin abokan sana'a ba tare da na faɗi dalili ba, kowa ya ce in ka bar sitati ka bar zafin dutse, ba ya dawowa. Wataƙila ɗinkin ƙeyar ya yi kauri ne lemon bai shiga ba. Haka nake gaya wa kaina.

Har yanzu akwai sauran kaki a igiyar baya da ba a zo an karɓa ba. Lokaci zuwa lokaci ina sauke su in kaɗe, in shanya su sha rana, in bi karin da dutse, in laluba aljihun duk da na san babu komai. Wuyansu ne kawai ba na juyawa.